Na'urar kashe mota ta waya: tana aiki, amma ba yadda masu talla ke faɗa ba

Jama'a tunda aka fara yayin wannan na'urar da ake kashe injin mota da ita ta waya mutane ke ta tambaya wai da gaske tana aiki ko kawai hanyar cin kuɗin mutane ce. Ni dai ina da ita a motata kuma na jima ina amfani da ita, don haka bari in faɗi abin da na sani tsakanina da Allah. Tana aiki, kuma duk wanda ya tambaye ni zan ce ya saka. Amma fa yadda ake tallata ta kamar da zarar ka saka shikenan ɓarawo ya haƙura da motarka har abada, wannan ba gaskiya ba ne, kuma irin wannan tallan shi ke sa mutum ya saki jiki har a yi masa ta'asa.

Wadda nake magana a kai ita ce ƙaramar tiraka (na'urar bin sawun mota) ɗin nan baƙa da bata kai tafin hannu ba, mai ɗaukar sim, wadda ake haɗa ta da rilay, wato ɗan abin da ke haɗa wuta ko yanke ta. Sunayensu da yawa a kasuwa, akwai dangin GT06, akwai TK103 na Coban, akwai ST-901 na SinoTrack, sai masu ɗan tsada irin na Teltonika da kamfanonin manyan motoci suka fi so. Galibin masu arahar in ka buɗe cikinsu kusan abu ɗaya ne, sitika ce kawai ta bambanta, don haka abin da zan faɗa ya shafi dukkansu.

Yadda take aiki ba wani siddabaru ba ne. A cikinta akwai abin da ke kama GPS, wato yana sauraron taurarin ɗan adam aƙalla guda 4 ya lissafa inda motar take, sannan akwai ɓangaren waya da ke tura wannan bayanin zuwa gare ka ta sim ɗin da ka saka mata. Sai kuma rilay, wanda shi ne ainihin mai kashe motar. Mai wayarin zai nemo wayar da ke kai wuta ga famfon mai, ko wadda ke zuwa kik mai tayar da inji, ya yanke ta biyu ya ratsa ta cikin rilay ɗin. Kai kuma daga inda kake sai ka tura tes ko ka danna a manhaja, na'urar ta ja rilay, wutar ta yanke, mota ta mutu. A dangin GT06 saƙon shi ne RELAY,1# na kashewa, RELAY,0# na dawo da ita. A TK103 kuma stop ne da lambar sirri a haɗe, sai resume na kunnawa. Shikenan fa, duk abin da ake ta kururutawa kenan.

In famfon mai aka yanke motar bata mutuwa nan take, sai ta ɗan ci gaba da tafiya na wasu daƙiƙu har ragowar man da ke cikin layi ya ƙare sannan ta fara shiƙa ta tsaya, kuma ko an yi ta murza makulli kik zai yi ta juyawa amma ba zata tashi ba, wanda bai sani ba zai ɗauka mai ne ya ƙare ko famfo ya mutu. In kuwa kik aka yanke, motar da ke tafiya ba abin da zai same ta, sai an kashe ta ne zata ƙi tashi. Wannan ya fi aminci a kan titi, amma in motarka mai giyar hannu ce ai turawa kawai za a yi ta tashi, don haka wannan tambaya ce da ya kamata ka yi wa mai saka maka tun kafin ya taɓa waya ko ɗaya: wace waya zaka yanke, kuma me yasa?

Abin da ya fi burge ni da ita gaskiya ba ma kashewar ba ne, sanarwar ce. Da an murza makulli sai wayata ta yi ƙara. In aka cire kan batir ta sanar da ni, saboda tana da ɗan ƙaramin batir nata a ciki da ke riƙe ta na ɗan lokaci. In aka jijjiga motar tana ajiye ko aka ɗaga ta za a ja, nan ma zata yi magana. Kuma zaka iya zana mata iyaka a taswira ka ce in ta fita daga wannan da'irar a gaya min. Wanda ke ba direba mota, ko yana da motar haya a hannun wani, ko ya bar mota wurin bakanike aka ce masa ai bata motsa ba, wannan ɓangaren kaɗai ya isa ya biya shi kuɗinsa. Sata da yawa ana yin ta ne cikin dare mai mota yana barci sai da safe ya farka ya ga wayam, lokacin kuwa motar ta yi nisa ko an riga an fara kwance ta. Wannan tazarar da ke tsakanin ɗaukar motar da sanin mai ita, ita ce jarin ɓarawo, kuma ita na'urar ke rage masa.

Hanyar da na ga ta fi amfani kuma mutane basu cika yi ba ita ce ka kashe ta da kanka duk dare. Ka ajiye mota, ka tura saƙon kashewa, ka jira amsa ta dawo cewa an yanke, da safe ka dawo da ita. Ta haka ko ɓarawo ya zo da makullin da aka yanko ko ya fasa wurin makullin, motar ba zata tashi ba tun daga farko, ba sai an tsaya ana bin ta a taswira ba. Yawancin mutane sun saka ta ne suna jiran ranar da za a sace motar sannan su danna, alhali a ranar ne abubuwa da yawa zasu iya hana saƙon isa. Amma akwai sharaɗi, kar ka yi haka a wurin da sabis ke rawa, irin ƙarƙashin bene ko can cikin daji, don in ka kashe kuma da safe saƙon kunnawa ya ƙi shiga to kai ma ka zama baƙo a motarka.

Yanzu bari mu zo kan inda take da rauni, don nan ne maganar take.

Na farko kuma mafi girma shi ne wanda ya saka maka. Wallahi na'ura mai kyau a hannun mai wayarin da baya tsoron Allah ko kuma malalaci, asara ce. Da yawansu wuri ɗaya suke cusa ta, ƙarƙashin sitiyari kusa da akwatin fiyus, saboda nan ne wuta take kusa kuma aikin baya cin lokaci. To ɓarayin ma sun san nan, shi ne wurin farko da suke zura hannu. Kuma ga wani abu da ba a gaya wa masu saye: rilay ɗin da ake amfani da shi yawanci a haɗe yake in ba a ja shi ba, wato wuta na wucewa sai in na'urar ta ja shi sannan ta yanke. An yi haka ne don in na'urar ta lalace kar ta kashe maka mota a tsakiyar hanya, kuma tunani ne mai kyau, amma ma'anarsa duk wanda ya gano tirakar ya fizge ta, rilay zai koma yadda yake mota ta tashi lafiya lau kamar ba a taɓa saka komai ba. Kenan duk tsaron ya dogara ne a kan kar a gano ta. Shi yasa nake cewa ka tsaya a kan aikin da kanka, a ɓoye na'urar wuri daban, rilay wuri daban, a naɗe wayoyin da irin tef ɗin da kamfani ya naɗe sauran yadda ido ba zai bambanta ba, a yi soda ko a matse haɗin da kyau ba a murɗa waya da hannu a liƙa tef ba, kuma a saka mata fiyus nata. Haɗin da aka murɗa da hannu shi ne wata rana zaka faɗa rami ya saki, motarka ta mutu kana tsakiyar wuce babbar mota, ko ya yi zafi ya kama da wuta. Sannan kar a rufe ta da ƙarfe ta sama, GPS yana ratsa roba da gilashi amma baya ratsa ƙarfe. Kuma ka tuna mai saka maka ya san inda take, ya san lambar sim ɗin, sau da yawa ma shi ya buɗe maka asusun, don haka ba kowa ake kaiwa wannan aikin ba.

Wannan ya kawo mu maganar lambar sirri, wadda ita ce ta fi tayar min da hankali. Da yawa daga cikin waɗannan na'urorin daga kamfani suke zuwa da 123456 ko 0000, kuma mutane basa canzawa. A 2019 wani ɗan kutse ya shiga asusun mutane sama da 7,000 a manhajar tiraka ta iTrack da sama da 20,000 a ProTrack, ta hanyar gwada 123456 da ya yi ta yi, kuma ya nuna cewa yana ganin inda motocin suke, wasu ma zai iya kashe su. A shekarar dai masu bincike na Pen Test Partners a Ingila suka gano ɓaraka a manhajojin ƙararrawar mota na Viper da Pandora, waɗanda ba ma na araha ba ne, abin ya shafi motoci wajen miliyan 3. Sai a 2022 kamfanin BitSight ya fallasa matsalolin tirakar MiCODUS MV720, har hukumar tsaron intanet ta Amurka CISA ta fitar da gargaɗi, an ce na'urorin kamfanin kusan miliyan 1.5 ne ke yawo a ƙasashe 169 kuma wanda ya san hanya zai iya yanke wa mota mai daga nesa. Tun ma kafin nan, a 2010 a garin Austin na jihar Texas, wani ma'aikacin kamfanin sayar da motoci da aka sallama ya shiga tsarinsu na hana mota tashi daga nesa ya hana motoci sama da 100 tashi, wasu kuma ya sa su suna ta hon. Ka ga abin da ka saka don ya kare ka in ka yi sakaci shi zai nuna wa mugu ƙofar gidanka, da lokacin da kake fita, da makarantar da kake kai yara. Barin 123456 daidai yake da ka saka ƙofar ƙarfe ka bar makullin a jiki. Don Allah ranar da aka saka maka, kafin ka bar wurin, canza lambar manhaja, canza ta tes, ka sa lambar wayarka ita kaɗai ce mai ba da umarni, kuma sim ɗin ya zama da sunanka aka yi rajista ba da sunan mai shago ba.

Sai sim ɗin kansa. Abin da ya fi kashe tirakoki ba ɓarayi ba ne, mantuwa ce. Data ta ƙare, ko kati ya ƙare ba halin ta maido maka amsa, ko kamfanin waya ya rufe layin saboda an daɗe ba a saka masa komai ba, ko kuɗin shekara na manhajar ya ƙare. Mutum na nan yana ganin yana da tsaro ashe na'urar ta yi wata da watanni bata magana, sai ranar da ake buƙatarta a buɗe taswira a ga wurin da motar take tun bara. Datar da take ci kaɗan ce ƙwarai, ba ita ce matsalar ba, tunawa ce matsalar. Haka kuma da yawa daga cikin masu arahar 2G kaɗai suke kamawa, kuma ƙasashe na ta rufe 2G, Singafo ta rufe tun 2017, Ostireliya ma ta gama rufewa, kamfanin waya na AT&T a Amurka ya kashe nasa a farkon 2017. Duk inda aka rufe, irin wannan na'urar ta zama gawa. In zaka saya yanzu ka nemi mai 4G wadda ke iya komawa 2G in ta rasa. Araha bata ado, a wannan harkar kam na yarda.

Akwai kuma jama, ɗan abin nan da ake soka shi a wurin kunna sigari ya toshe GPS da sabis ɗin waya a kewayen motar. Haramun ne a dokar ƙasashe da yawa amma ɓarayin da suka san aikinsu suna da shi. Siginar GPS daga sama take zuwa tun daga nisan kilomita wajen 20,000, kafin ta iso ƙasa ta yi rauni sosai, don haka toshe ta ba wuya. In an kunna jama saƙonka na kashewa ba zai isa ba, iyakarta kenan. Haka in aka tura motar cikin kwantena aka rufe. Wasu na'urori masu kyau suna gane ana toshe su su ɗauki mataki da kansu, amma ba ƴan arahar nan ba. Abin da ke ɗan taimakawa shi ne ɓarayi da yawa kan ajiye motar da suka sata a wani lungu na kwana ɗaya ko biyu su ga ko za a biyo ta, kuma jama ba zai yi ta aiki har abada ba, da ya mutu tiraka zata farfaɗo ta yi magana in basu gano ta ba. Shi yasa masu motoci masu tsada ke saka biyu, ɗaya mai rilay, ɗaya ƙarama mai batirin kanta da bata haɗe da wayar mota kwata-kwata, can a wani wurin da ba wanda zai yi tunani.

Batir kuma, eh tana ɗan sha, amma motar da ake hawa kullum ba zata ji ba. Wadda ake ajiyewa makonni ba a tayarwa ce zaka iya zuwa ka tarar batir ya yi sanyi, musamman in dama ya tsufa.

Wani abin da nake roƙon mutane a kai shi ne maganar kashe mota tana gudu. Na san zafin da mutum ke ji in an ƙwace masa mota, hannu na rawa yana so ya danna nan take. Amma injin da ya mutu a guje sitiyari zai iya yin nauyi, burki kuma taku ɗaya ko biyu zai baka ya yi tauri, to wannan motar ba ɓarawo kaɗai zata kashe ba, akwai mai babur a gefenta, akwai yaran da ke tsallaka titi, su me suka yi? Shi yasa na'urorin kirki basa yarda su yanke sai motar ta sauko ƙasa da kilomita 20 a awa ko ta tsaya, in ka tura umarni sai su riƙe shi su jira. Ko tsarin OnStar na kamfanin motoci GM da ya fara rage gudun motar sata daga nesa tun wajen 2009, sai ƴan sanda sun tabbatar suna ganin motar kuma hanya ba hatsari sannan ake rage mata ƙarfi a hankali, burki da sitiyari na aiki. In naka na'urar tana yankewa ko a wane gudu, wannan aibi ne ba abin alfahari ba ne, ka nemi a saita ta ko ka canza.

Haka in da makami aka tare ka, ka ba su makulli ka tsira da ranka, kar ka kashe motar suna nan kusa da kai, don in ta mutu a mita 200 kai zasu dawo nema. In kuma akwai wani naka a cikin motar, ko kusa kar ka taɓa. Ka bari su yi nisa, ka samu wuri amintacce, ka sanar da jami'an tsaro, sannan a kashe a lokacin da akwai wanda zai isa wurin. Kuma kar taswira ta ruɗe ka ka kwashi abokai ku tafi ƙwato mota da kanku, an rasa rayuka ta haka.

Wani zai ce to motata ai tana da imobilaiza daga kamfani, wato abin da ke hana inji tashi sai da makullinsa na asali, makullin mai cif ne, me zan yi da wannan? Gaskiya ne na kamfani ya yi aiki sosai, Tarayyar Turai ta wajabta shi kan sababbin motoci tun 1998, Ostireliya 2001, Kanada 2007, kuma binciken da masana tattalin arziki biyu van Ours da Vollaard suka yi ya nuna ya rage satar mota da kusan kashi 40 cikin ɗari. In kana so ka ga amfaninsa dubi abin da ya faru da Kia da Hyundai a Amurka, motocinsu da yawa na tsakanin 2011 zuwa 2021 basu da shi, yara suka gano ana tayar da su da kan kebul ɗin USB, abin ya bazu a TikTok sata ta yi tashin gwauron zabi har kamfanonin suka amince da biyan diyyar wajen dala miliyan 200. Amma ɓarayi ma basu zauna ba. Motocin da ake tayarwa da maɓalli ana jawo siginar makullin daga cikin gida da wasu akwatuna biyu, ɗaya a bakin ƙofa ɗaya a jikin mota, motar ta ɗauka makullin na kusa ta buɗe. Wasu ta soket ɗin OBD, inda bakanike ke jona kwamfutar gwaji, suke shiga su yi wa motar sabon makulli cikin mintuna. A Landan a 2022 an sace wata Toyota RAV4 ta hanyar ɓalle fitilar gaba aka shiga wayoyin kwamfutar motar, da irin na'urar da ake ɓoyewa cikin jikin sifika ta Bluetooth. Duk waɗannan dabarun kwamfutar motar suke yaudara, shi kuwa rilay ɗinka ba ruwansa da kwamfuta, in ka riga ka tura saƙon kashewa waya ce a yanke, duk yaudarar da aka yi famfon mai ba zai samu wuta ba. A nan ne na ga wannan ƴar na'urar ta fi kuɗinta daraja.

In da zan ba ta maki zan ce wajen sanarwa da nuna inda mota take ta yi ƙoƙari sosai, wajen hana ƙananan ɓarayi da masu ɗaukar mota ba izini ma haka, wajen ƙwararrun da ke yawo da jama kuwa ita kaɗai bata isa ba. Manhajojin masu arahar kuma gaskiya basu da daɗin amfani, wani lokacin taswirar na makara, wani lokacin sanarwa bata shigowa sai ka buɗe, shi yasa na fi yarda da tes a kan manhaja in maganar kashewa ce, kuma na ajiye saƙonnin biyu a rubuce a wani wuri daban saboda in aka haɗa da wayarka aka tafi da ita fa? Ka sa lambar mutum ɗaya da ka yarda da shi a gida a matsayin ta biyu mai iko, ka koya masa yadda ake yi tun yanzu.

Ni a tawa motar na haɗa ta da sandar ƙarfen nan ta kulle sitiyari, tsohon yayi ce amma ana hango ta daga waje kuma tana ci wa ɓarawo lokaci, shi kuwa lokaci ne baya so. Wanda motarsa sabuwa ce mai maɓalli kuma yana da hali, akwai na'urori irin su Ghost na Autowatch da sai ka danna wasu maɓallan cikin motar a jere yadda kai kaɗai ka sani kafin ta yarda ta tafi, wannan baya buƙatar sabis don haka jama bata da abin da zata yi masa, sai ka bar tirakar ta yi aikin nuna wuri. Makullin maɓalli kuma a riƙa saka shi cikin jakar nan mai toshe sigina da dare, kar a rataye shi a bakin ƙofa. Sannan duk farkon wata in ka saka wa sim ɗin kati, ka tsaya a inda motar take ajiye injin na aiki, ka tura saƙon kashewa ka ga da idonka ta mutu (in kik aka yanke, ka kashe ta da kanka ka ga ta ƙi tashi), ka dawo da ita ka ga ta tashi, in amsa ta wuce minti ɗaya bata zo ba ko yankewar ta ƙi aiki, ranar zaka koma wurin mai wayarin ba gobe ba.